Saƙon Inna a Kan Lilo

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai yi mini kitso sai da ta tsaya da kibiya a hannu tana so in gaya mata ko gaskiya ne da sabulu suke wanke titi. Kowa sai ya ce, "Malama Binta, ba mu labari mana." Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba wa sai in ga bai ƙoshi ba, don shi labarin daɗi yake jira, ni kuwa gajiya na kwaso. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

A bizata an rubuta yawon buɗe ido, kuma ba ƙarya ba ne, idon ya buɗu. Amma abin da ya kai ni shi ne Yaya Lawal, babban wanmu. Ya bar Zariya ina sakandare, yanzu ga 'ya'yana a sakandare. Takardunsa na zama ba su cika ba, lauya yana ta jan maganar shekara da shekaru, kuma ranar da ya sa ƙafa ya fito daga ƙasar ƙofa ta rufe a bayansa ke nan. Ga shi yana da 'ya a can, wadda take hannun uwarta tun da suka rabu. Da damina Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya yi nauyi, sai magana ta fara yawo a dangi cewa ya kamata Lawal ya zo ya ga uwarsa.

Yaya Lawal ɗan fari ne, Inna kuwa irin mutanen da ce. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "mutumin can" take cewa. In ya kira aka kara mata waya a kunne, daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka," ta ture hannun mai riƙe da wayar. Ana gobe zan tashi ta kori kowa daga ɗaki, ta ce in matso.

"Ki same shi shi kaɗai," in ji ta. "Ba a waya ba, ba a gaban kowa ba. Ki ce na ji ana cewa ya taso saboda ciwona. Ban yarda ba. Ya zauna inda yake ya riƙe 'yarsa. Na yafe masa duniya da lahira, ko mun gana ko ba mu gana ba."

Na ce to. A raina na ce wannan ai aike ne mai sauƙi, albishir zan kai.

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Turai, muka sake hawa wani jirgin. Ba ni da abin faɗi game da sama sai cewa ƙafafuna sun kumbura har takalmina ya ƙi shiga, na sauka ina jan sa kamar silifas. A layin masu duba fasfo na daɗe a tsaye har na fara ganin biji-biji. Jami'in ya tambaye ni me ya kawo ni, na ce ganin gari da ganin ɗan'uwa. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya buga hatimi. Ina murna na tsallake sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban akwatina bayan ya gama shafa mini hanci a zane. Kilishin da na yi wa Yaya tsaraba ya tafi a nan. Daddawa suka buɗe, matar da ke binciken kayan ta kau da kai ta riƙe numfashi, ta kira wani, shi ma ya shinshina, suka yi shawara, suka mayar mini da abata. Wato abin da ke da ƙamshi suka riƙe, mai wari suka bar mini.

Da ƙyar na gane Yaya Lawal. Na san shi dogo mai ƙasumba baƙa wuluk, na tarar da dattijo mai furfura da ɗan doro, cikin rigar sanyi da ta yi masa yawa. Na durƙusa zan gaishe shi ya ce, "Ke tashi, ba a yi a nan." Tare da shi akwai wani gajeren mutum mai fara'a, Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, mai shagon huluna da tabarau a unguwar Flatbush ta Brooklyn inda Yaya yake aiki. Ban san cewa wannan fuskar za ta zame mini ƙarfen ƙafa ba.

Ɗakin da Yaya yake kwana na maza ne zalla, masu aikin dare su tashi masu aikin rana su kwanta, don haka aka sauke ni a Bronx, unguwar Concourse Village, wurin Hajiya Memuna. 'Yar zangon Kumasi ce, babbar mace mai babbar murya, aikinta kula da tsofaffi. Hausarta ba ta san mace ba, kowa "kai" ne. Ranar farko da ta ce, "Binta, ka ci abinci?" sai da na waiwaya in ga wane ne a bayana. Ta ciyar da ni shinkafa da wake da suke kira wace, da wani baƙin yaji mai kifi wanda har yanzu nake mafarkinsa. Gidan nata yana can sama, ba tsakar gida, ba inda za ka shanya ko ɗankwali. Na gaida wata mata a cikin lif, na ƙara da tambayar gajiya, sai ta matse jakarta a ƙirji. Tun daga nan na koyi kallon ƙasa.

Hajiya Memuna ta ba ni labarin tsohuwar da take yi wa wanka, wadda 'ya'yanta suna nan cikin ƙasar amma sai a shekara su leƙo ta sau ɗaya. Na fara tsaki ina cewa Allah ya raba mu da halin Turawa. Ban ƙarasa ba na tuna wa ke kwance a Tudun Wada, da wanda ke sayar da tabarau a Flatbush.

Kwanakin farko ban tada maganar saƙo ba. Baƙo ba ya sauke kaya ya sauke magana a rana ɗaya, sai an huta an gaisa. Da na ga an huta, na ce wa Yaya a waya Inna ta ba ni saƙo, ina so mu zauna. Ya ce, "Okay, okay, weekend." Asabar ta zo, ya zo da Alhaji Isufu. Suka kai ni na hau jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa unguwar St. George kyauta, na ga gunkin matar nan mai riƙe da fitila daga nesa, Alhaji Isufu yana tsakaninmu yana ba ni tarihin farashin tabarau. Wata rana na ce ya raka ni kanti, ya zo da Alhaji Isufu. Na ce ya zo mu ci tuwo da miyar daddawar da ta tsira, ya zo da Alhaji Isufu, wanda ya ci malmala uku yana cewa, "Bon, wannan ita ce miya, wallahi." In kuwa ba Alhaji, to Yaya yana busy, ko wayarsa ta yi ƙara ya fita. Raina ya fara ɓaci. Na haye teku da saƙon uwa a baki, ga wanda aka aiko ni gare shi yana yi mini wasan ɓuya.

Wata safiya muna shan koko na yi wa Hajiya Memuna ƙorafi. Ta ajiye kofi ta dube ni kamar na ba ta kunya.

"Kai malami ne amma ba ka da wayo koraa, ko kaɗan," in ji ta. "Ba ka gani shi na gudu? Shi na tsammani tsohuwa ya ce ya koma gida. In ya ji da kunne nashi, dole ya tafi, maganar uwa ne. In bai ji ba, bai ƙi ba. Shi ya sa ya ɗauko Isufu ya sa a tsakani."

Na ce ai ba abin da Inna ta ce ke nan ba. Ta ɗaga hannu. "Kar ka faɗa mini, ba nawa ba ne. Bar ni da Isufu."

Lahadin ƙarshe kafin in taso na ce ni dai ban yarda in koma Zariya ban taɓa ruwan teku da hannuna ba. Yaya ya ce za a kai ni Coney Island, wurin wasanni na bakin teku, ya ce duniya ta san wurin. Ina jin ya zaɓe shi ne don yana zaton cike yake da mutane. Muka hau jirgin ƙasa mai harafin D tun daga Bronx, mu huɗu, muka bi shi har inda layin ya ƙare. Tafiyar ta kusa kai ta Zariya zuwa Kano. A ƙarƙashin ƙasa wasu samari suka shigo suka kunna kiɗa suna wulƙitawa a jikin ƙarafa, ƙafar ɗaya ta wuce ta gaban hancina, ba wanda ya ko ɗaga kai. Daga baya jirgin ya fito sarari, muna wuce bayan gidaje da rufin shaguna, mutane suna raguwa a kowace tasha har taragon ya zama namu.

Ni da na ji an ce duniya ta san wurin, na ci ado. Leshi na sa, da mayafi mara nauyi, da takalmi mai tsini, saboda hotunan da ku ɗin nan kuka ce in kawo muku. Muna fitowa daga tasha iska ta mare ni. Watan Oktoba ne, lokacin wasa ya kusa ƙarewa, kuma ba wanda ya gaya mini iskar teku ba ta san leshi ba. Hajiya Memuna ta ciro wata tsohuwar rigar sanyi ta maza daga jakarta ta yafa mini. Duk hoton da kuka gani na wata mata cikin baƙar riga har gwiwa, ni ce.

Wurin kuwa ya ga jiya. Rabin rumfunan a rufe, an ja ƙofofin ƙarfe an yi musu rubuce-rubuce da fenti. Tsakanin wani lilo da wani akwai fili da ciyawa ta cinye, an kewaye da waya. Wani gunkin mutum mai dariya, fentin fuskarsa ya ɓaɓɓake, yana ta dariyar shi kaɗai. Akwai sababbin abubuwan hawa masu kyalli, amma kujerunsu suna juyawa babu kowa, kiɗa yana tashi ba mai rawa. Wani dattijo mai rumfar harbin gwangwani ya yi ta kiranmu da hannu, da muka wuce ya koma ya zauna ya ci gaba da cin abincinsa. Yaya ya ce da ya zo sabon zuwa, da rani, ba ka samun wurin sa ƙafa. Alhaji Isufu ya ce guguwar da aka yi shekarun baya ta cika shagunan nan da yashi. Ni dai na ce lilon da ake kafawa a garinmu ranar sallah ya fi wannan rai, ko da yake da hannu ake tura shi.

Akwai doguwar hanya ta katako a gefen yashin, kuma tsinin takalmina ya dinga faɗawa tsakanin katakan, sai in tsaya in zaro. A kan bencina tsofaffi ne jere, Rashawa in ji Yaya, sun rufe ido sun miƙa wa rana fuska, ranar da ko kitse ba za ta narkar ba. Wani tsoho mai tumbi ja wur ya fito daga cikin ruwan nan mai ƙanƙara daga shi sai gajeren wando, ya ɗaga mana hannu. A gida da tuni an kama shi an kai shi wurin masu ruƙiyya.

Muka sayi soyayyen kifi da dankali. Ban kai loma ta biyu ba wani farin tsuntsu ya sauko ta bayan kafaɗata ya fizge kifin gaba ɗaya. Farare ne kamar balbela amma halinsu na shirwa ne. Na yi salati, Alhaji Isufu ya yi dariya har da hawaye, ya saya mini masara. Dafaffiya ce, an shafe ta da man shanu, ga zaƙi kamar an jiƙa ta a sukari. Na ci rabi don kara.

Na taɓa tekun dai. Na cire takalmi na taka yashi mai sanyi har bakin ruwa, na tsoma hannu, na ɗanɗana, gishiri ne kamar yadda muke koya wa yara. Da shi muka yi alwala, yatsuna suka ƙage. Alhaji Isufu ya duba alƙibla a waya ya juya mu wajen arewa maso gabas, muka ba teku baya muna kallon lilo. Na yi sallar amma zuciyata ba ta kwanta da wannan alƙibla ba.

Da muka idar Hajiya Memuna ta nuna babban lilon, wanda yake kamar ƙafar keke, tsayinsa ya fi benen da take zaune, da ƙananan kejuna rataye a jikinsa. Ta ce ba a zuwa nan a koma ba a hau shi ba. Ni da ko tsani ba na hawa, na ce mu je. Muka shiga layi, wanda mu kaɗai ne layin. Na shiga kejin, Yaya ya biyo ni yana waigen Alhaji Isufu. Daidai nan Hajiya Memuna ta dafe ƙirji, ta damƙi hannun rigar Alhaji da ɗayan hannun.

"Alhaji, kaina na juya paa! Riƙe jaka na, kai ni benci."

Mai kula da lilon bai jira kowa ba, ya ja ƙofar ya sa sakata. Muka ɗaga.

Yaya ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Kejin yana ƙara, yana lilo, iska tana shigowa ta ramukan waya. Ƙasa ta yi nisa, Hajiya Memuna ta zama ɗigo a kan benci, teku ya buɗe har inda ido ya gaza. Tsoro ya kama ni sosai, na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Da muka kai ƙololuwa abin ya tsaya cak.

"To, Binta," in ji shi, bai ɗago ba. "Kun kama ni. Faɗi."

Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Na gama ina jiran in ga ya sauke ajiyar zuciya.

Ya ce, "Sake faɗa."

Na sake.

"Ban yarda ba, ta ce? Da bakinta?"

"Da bakinta, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin Yaya Lawal yana kuka ba, ko ranar da aka binne Baba muna jin muryarsa a waya bai yi ba. Na rasa inda zan sa idona, ga shi ba wurin fita.

"Tun da kika sauka nake gudun kar ki ce ta ce in dawo," in ji shi. "Na riga na gaya wa Isufu ya nemi wani a shago. Na je na ga 'yata, na yi mata sallama ba ta sani ba. Da ta ce in zo, jirgi ɗaya za mu hau da ke. Tsoro nake ji kawai, ina ta jan lokaci."

Na ce, "To ka zo mana, Yaya. Wa zai hana ka?"

"Ita. Ba ki ji abin da kika faɗa ba? Tun da nake ba ta taɓa aiko mini da magana ba sai yau. Ita ce zan taka?"

Lilon ya motsa, muka fara saukowa. Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Ki ce mata na ji. Na bi."

Muka sauko muka tarar ciwon kan Hajiya Memuna ya warke, tana shan alewar auduga. Ba wanda ya tambaye mu komai. A jirgin komawa Alhaji Isufu ma shiru ya yi, abin da ban san ya iya ba. Yaya ya sauka a Brooklyn, mu muka wuce. Ranar da zan taso ya raka ni filin jirgi shi kaɗai, ya ba ni bargo mai laushi da man zafi ya ce na Inna ne. Na durƙusa na yi masa sallama, wannan karon bai ce in tashi ba.

Dawowa ba ta da labari. Ƙafa ta sake kumbura, akwati ɗaya ya makara, na iso Zariya da mura. Na wuce gidanmu tun ban sauke kaya ba. Inna tana kwance, ta rame fiye da yadda na bar ta. Aka gama gaishe-gaishe, aka raba tsaraba, ta jira ɗaki ya watse.

"Mutanen can suna lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Suna gaishe ki."

"Kin same shi shi kaɗai?"

"Na same shi. Na faɗa masa duka."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ji. Ya ce ya bi."

Hannunta mai lafiya yana kan bargon, ya daina shafawa.

"Au," in ji ta a hankali. "Ya yarda?"

Na buɗe baki, amma ta riga ta juya fuskarta bango. Ta ce in ja mata ƙofa in na fita.